Ranar da Muka Saka Ciyaman a Akwatin Gawa

Jiya Fa'iza ta tare ni a ƙofar cibiyarmu ta Longsight, ita da ƙawayenta, ta ce su matasa za su karɓi aikin sa lif zuwa bene, don tsofaffin mata su daina hawa matakala suna nishi. Na ce madalla, Allah ya yi albarka. Sai ta ƙara da Hausar nan tata ta Manchester, mai fitowa kamar ana janyo ta da igiya: "Anti Binta, ai ba wuya. Ke ma ai waya kawai muke gani kina yi."

To, tunda haka ne, ku samu kujeru ku zauna.

Ni aikina na albashi manajar ayyuka ce a wani kamfanin gina gidaje, kuma a kansa na yi furfura. A can in birkila bai zo ba, akwai abin da zan yi masa. Aikin sa kai kuwa, wanda na yi wa jama'armu a ranakun hutuna, ba ka biyan kowa, ba ka korar kowa, kuma duk wanda za ka sa aiki ko ya girme ka, ko ya fi ka muƙami, ko surukin wani ne. Wannan shi ne aikin da kuke cewa waya ce kawai.

A kicin ɗin wani coci na koyi sana'ar, a Sparkhill ta Birmingham, lokacin muna sababbin zuwa, maigidana Alhaji Sule yana karatu. Wata rana ina tura keken jaririya a Stratford Road, ina yi mata faɗa da Hausa don ta jefar da safarta, sai na ji an ce daga bayana, "Ke, ki bar 'yar mutane ta huta." Na waiwaya na ga wata dattijuwa gajera da jakar kasuwa. Mama Saratu ke nan, 'yar Wusasa, nas ce da ta yi ritaya. Kafin mu kai ƙarshen titi ta san garinmu, ta san sunan babana, ta kuma san na karanta harkar gini. Ta ce, "Alhamdu lillahi, Allah ne ya kawo ki. Kicin ɗin cocinmu na yoyo, tsofaffin unguwa kuma nan suke cin abincin rana. Asabar ki zo." Ba ta tambaye ni ko ina da lokaci ba.

Na zo da zanen gini da tsarin aiki irin na makaranta, mai layi-layi da launi. Ta duba ta ce ya yi kyau, ta ɗora tukunya a kai. Ranar fenti na ce mata a yi sanarwa a coci, jama'a su fito. Ta ce, "'Yata, jama'a ba sunan mutum ba ne. In kin ce jama'a su zo, kowa zai ɗauka da maƙwabcinsa ake." Sai ta ɗauki waya a gabana. "Bitrus, Asabar da safe, kai da tsaninka. A'a, ban ce in ka samu dama ba. Ka gaishe da Rifkatu, ka ce mata na ce ta tashe ka." Ta ajiye, ta kira na gaba. Kowa da sunansa, kowa da abin da zai riƙo a hannu. Asabar ta yi, mutane suka cika kicin, ita kuma tana tsakiya da ludayi, tana raba shinkafa da miya tana zagin duk wanda fentinsa ya ɗiga a ƙasa. A wajenta na koyi cewa mai yunwa ba ya dawowa Asabar ta biyu. A wajenta kuma na koyi yadda ake yi da babban mutum mai son a gan shi: a ba shi muƙami mai tsawon suna, a ajiye masa kujera nesa da kayan aiki.

Da muka dawo Manchester, 'yan'uwanmu suka haɗu suka sayi wannan ginin da kuke zaune a ciki. Ku ba ku san shi da ba. Tsohon shagon kafet ne, yana warin ruma, tantabaru sun mallaki benen. Aka kafa kwamiti, aka ce ana neman wanda ya san gini. Alhaji Sule ya nuna ni da baki. Har yau ban yafe masa ba.

Kayan aikina ba su da yawa. Tef na awo, wanda ba na ba kowa aro, ko liman ne. Tarin mukullai da ya yage mini jaka har ban san adadi ba. Takalmi mai ƙarfe a baki, rigar nan mai ƙyalli a kan abaya, da hular kwano wadda ba ta taɓa zama daidai a kan ɗankwali ba, kullum a karkace kamar ta ɗan daba. Sai babban fulas na shayi mai citta da bokitin cincin. Mai gyaran famfo Bature da ya ce ba shi da lokaci sai wata mai zuwa, na ba shi ƙosai mai zafi da yaji, ya yi hawaye, ya dawo washegari da kansa. Waya kuma, e, akwai waya. A cikinta guruf ɗin kwamiti yake, inda za ki rubuta cewa ana neman mutum huɗu su sauke siminti, ki dawo ki tarar da addu'ar Juma'a, da hoton fure, da wani bidiyo a kan amfanin tafarnuwa.

Masu aikin kuwa, wato waɗanda nake yi wa hidima, iyayenku ne, don haka ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Likitoci ne da akantoci da injiniyoyi, mutanen kirki, masu hannun kyauta, amma kowannensu ya taɓa gina gida a Kano ta waya, saboda haka kowa gwani ne. Wani injiniyan man fetur a cikinsu ya taɓa riƙe mu tun daga azahar har la'asar a kan inda za a sa bututun bayan gida. Kuma sai kin koyi sauraron "in sha Allahu". Akwai wadda ake faɗa ana kallon idonki, wannan mai ita zai zo. Akwai wadda ake ja, ana laluben mukullin mota a aljihu, wannan kada ki dafa abinci da shi. Ciyaman ɗinmu, Likita Kabiru, babban likita ne a asibiti, ƙato, mai murya kamar ganga. Shi in ya ce "za mu duba", to maganar ta mutu, sai dai a yi mata addu'a.

Aikin da ya fi cin raina shi ne ɗakin wankan gawa. A lokacin in aka yi mana rasuwa sai mu bi masallatan mutane muna roƙon a ba mu wuri. Suna ba mu, Allah ya saka musu, amma su ma suna da nasu mamatan, sai a bi layi. Hajiya Ladi, Bakatsiniya, ita ke jagorantar matan da ke yi wa mata wanka. Ita ta same ni ta ce, "Binta, na gaji da yawo da bokiti da kafur a bayan mota kamar mai talla. Ki samo mana ɗaki." Na zagaya ginin, na ga wani sito a baya, kusa da magudanar ruwa, yana da ƙofa ta lungu inda mota za ta tsaya ba tare da maƙwabta sun leƙo ba. Ƙaramar hukuma, wato Council, ta turo mutuminta, ya duba iska da magudana da tayil, ya gindaya sharuɗɗansa, muka amince. Matsala ɗaya ta rage. Tsakanin ɗakin da wurin sallah akwai wani siririn lungu mai kwana, kuma na auna na ga akwatin gawa ba zai juya a kwanar nan ba. Dole a rushe bango.

Likita Kabiru ya ce ba za a taɓa bangon ba, don a jikinsa yake so a kafa allon sunayen waɗanda suka assasa cibiya. Ya ce, "Hajiya Binta, ke dai kina son rushe-rushe. Ai a ɗan karkata akwatin, ya wuce."

Ban yi musu da shi ba. Na je masallacin 'yan Pakistan na aro akwati, aka kawo ranar taron kwamiti. Maza huɗu suka ɗauka, da suka zo kwana suka ɗaga shi tsaye kamar firij, ya wuce. Ciyaman ya tafa hannu ya ce, "Kin gani?"

Na ce, "Na gani, ranka ya daɗe. Amma wannan babu kowa a ciki. Mamaci ba a tsayar da shi. A samu wanda zai shiga mu gwada da gaske."

Kowa ya shiga duba wayarsa. Na ce tunda Ciyaman ne ya tabbata zai wuce, ai shi ya fi cancanta, kuma in ya wuce da shi, to zai wuce da kowa a Manchester. Ya juya wajen liman yana neman ceto. Liman ya shafa gemu ya ce, "Likita, ai tuna mutuwa abu ne mai kyau."

Haka ya cire hula da takalmi da agogo, ya miƙa wa ma'aji wayarsa, ya yi bisimilla ya kwanta. Ba mu rufe ba, ba mu kai nan ba. Aka ƙara mutum biyu, aka ɗaga shi da ƙyar. Suka taho a hankali har kwana, kan akwati ya shiga, ƙafa ta ƙi. Suka ja baya, suka sake gwadawa, gefe ya kankare fenti. Wani ya ce a karkata. Suna karkatawa Ciyaman ya gangara gefe guda, hancinsa ya haɗu da katako, ya ƙwala ihu: "Ku sauke ni! La'ilaha illallahu! Ku sauke ni, na ce!" Saukewar ma ta gagara, don akwatin ya cije tsakanin bango da bango, na gaba ba sa iya komawa, na baya dariya ta kashe musu hannu. Ma'aji kuwa, amanar da aka ba shi ta waya, da ita yake ɗaukar bidiyo. Da aka samu aka zaro shi, ya zauna a ƙasa yana haki, ya dube ni ya ce, "A rushe. Gobe-gobe a rushe."

Aka rushe, aka sa tayil fari har sama, aka kawo teburin ƙarfe mai magudana, aka ja ruwan zafi. Saura ƙofa da fanka mai zuƙe iska. Sai muguwar shekara ta shigo.

Sanyin hunturun nan ya yi tsanani har ruwa ya daskare a bututun da ke cikin rufi, bututun ya fashe. Ranar Litinin da safe na buɗe ƙofa ruwa ya tarbe ni har idon sawu. Silin ya rufto a kan teburin, tayil ya ɓanɓare, wayoyin lantarki suna lilo, kafet ɗin wurin sallah ya jiƙe yana wari. Kamfanin inshora suka shiga yi mana gobe-jibi. Kwamiti ya rabu biyu: masu cewa a fara da kafet tunda rayayyu ke sallah a kai, da masu cewa a gama ɗakin wanka. Daga maganar kafet aka koma maganar wa ya fi wa daɗewa a Ingila, daga nan aka koma Kano da Zariya. Guruf ɗaya ya zama biyu, ni kaɗai ce a cikin duka biyun, kowane ɓangare na zargin ina kai rahoto. Masu zuwa aikin Asabar suka ɗauke ƙafa. Na kira mutane da sunayensu kamar yadda aka koya mini, na dafa shinkafa, na dawo da ita gida a tukunya. Yarana suka ci dafa-duka har suka fara ɓuya in sun ji motata. Ni da Hajiya Ladi muka rage, muna kwashe ɓaraguzai da shebur ɗaya, ita tana tari, ni ina zagin bututu.

A cikin wannan hali mahaifiyar Zainab ta rasu. Zainab mai harhaɗa magunguna ce a Old Trafford, yarinya mai shiru, ba ta kwamiti, ba ta guruf. Ta haihu, mahaifiyar tata, Gwaggo Asabe, ta taso daga Kano don ta kula da ita, sanyi ya kama mata ƙirji, kwana kaɗan a asibiti Allah ya karɓi abarsa. Hunturun nan an yi rashe-rashe da yawa, duk inda na buga a Manchester sai a ce mu jira. Daga ƙarshe a Birmingham aka samu wuri. Motar gawa a gaba, mu a baya, Hajiya Ladi da bokitinta da kafur, Zainab a kujerar baya da jaririya a ƙirji, ga cunkoso a babbar hanya, ga ruwan sama. Haka muka taho tun daga Longsight har wani masallaci a Sparkhill. Da muka isa muka tarar da Mama Saratu a bakin masallacin da sandarta da kular abinci, don na kira ta a hanya. Ta karɓi jaririyar ta goya, ta ce wa Zainab, "Shiga ki sallami uwarki, 'yata. Wannan tana hannuna."

Bayan an yi addu'ar bakwai aka kira taron kwamiti, ɓangarorin biyu suka zo, kowa ya zauna gefensa. An fara ɗaga murya ke nan sai Zainab ta shigo da goyo. Ciyaman ya miƙe zai yi mata ta'aziyya da dogon jawabi. Ta ce, "Baba Likita, na gode. Ni ba magana na zo yi ba. Na zo in tambayi Anti Binta wane aiki za ta ba ni ranar Asabar."

Na ce, "Kankare bango. Ki zo da safar hannu."

Ta ce to, ta juya ta fita. Ba wanda ya sake ambatar kafet a ranar.

Ranar Asabar Zainab ta zo da mijinta da abokan aikinta biyu, ɗaya ma Baturiya. Kafin azahar sai ga iyayenku suna sulalowa ɗaya bayan ɗaya, kowa na yin kamar hanya ce ta biyo da shi. Injiniyan man fetur ya tura baro. Ciyaman ya zo da farar jallabiya, ya ɗauki buhun ɓaraguzai guda ɗaya, bayansa ya riƙe, aka zaunar da shi a kujera yana ba da umarnin da ba mai ji. Har yau in ya ba da labarin sai ka rantse shi kaɗai ya ɗaga rufin. Kafin azumi ɗaki ya tashi, da ƙofarsa da fankarsa, bututu kuma na sa aka naɗe shi da bargo kamar jariri. Na raba mukullai, na tsara wa ke buɗewa, wa ke wankewa, wa ke kiran maƙabarta, na koya wa kowa nasa har suka gaji da ni.

Bana ne wata ƙungiyar 'yan Arewa ta ce za ta karrama masu aikin sa kai, aka gayyace mu walimar rana a Birmingham. Muka cika ƙaramar bas. An ce ƙarfe ɗaya, aka fara bayan la'asar. Aka gabatar da manyan baƙi, da matan manyan baƙi, da wakilan waɗanda ba su samu zuwa ba. Da aka zo kaina mai gabatarwa ya ce, "Sai uwargidan Alhaji Sule, wadda ta taimaka wa kwamitin Likita Kabiru da abinci da shawarwari." Kafin in miƙe sai na ji an buga sanda a tebur. Mama Saratu ce, yanzu a keken guragu take, amma muryar na nan. Ta ce, "Kai yaro! Sunanta Binta. Ita ta gina, su suka ci abincin. Sake faɗa!" Ya sake faɗa. Aka miƙo mini wani gilashi mai nauyi da sunana a jiki. Ciyaman ya taso ya riƙe gefe guda don hoto, yana gaya wa na kusa da shi cewa shi da kansa ya nemi a sa shi a akwati, don kishin jama'a.

Aka ba ni makirfo. Na ce na gode, gilashi ya yi kyau, zan samu abin danne ƙofar kicin. Na ce amma duk wanda ke son ya karrama mai aikin sa kai, ya koyi sunanta tukuna, sannan ya zo ranar Asabar ya ce mata, "Je ki gida ki kwanta, yau ni zan yi." Aka yi tafi sosai. Ba wanda ya zo ya faɗa mini hakan har yau, amma tafin ya yi daɗi.

Washegari Lahadi na biya cibiya don in duba injin ɗumama ruwa. Ina shiga lungu na ji ƙamshin kafur. Ƙasa a jiƙe, an goge teburi, tawul na shanye. Hajiya Ladi na zaune a kan kujerar roba tana ninke ragowar likkafani. Na ce, "Hajiya, me ya faru a nan?"

Ta ce, "Wata baiwar Allah ce 'yar Gambiya, daga Old Trafford. Jiya bayan kun tafi aka kawo ta. Mun yi mata wanka, an yi sallah, an kai ta."

Na ce, "Jiya? Ina can ina sauraron jawabai? Wa ya buɗe muku? Wa ya kira maƙabarta? Motar fa?"

Ta ce, "Zainab ta buɗe. Ma'aji ya kira maƙabarta. Mota ta zo a kan lokaci."

Na ciro wayata na duba. Babu kira ko ɗaya. Na ce, "Shi ne ba wanda ya neme ni?"

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. "Mu neme ki mu ce miki me, Binta? Ruwa na zuwa, ƙofa na buɗewa." Ta ci gaba da ninkinta. Na tsaya a wurin da jakata a hannu, na duba silin, na duba famfo, na murɗa shi na rufe, ban samu abin gyarawa ba.

Har na kai ƙofa ta ce, "Sabulu dai ya kusa ƙarewa, in kina neman aiki."

Na tsallaka Stockport Road na sayo.